Darasi: Dakatarwar Nan-take a Dokar Karayar Arziki ta Amurka

A jihar Tekzas ta Amurka, Talatar farko ta kowane wata ita ce ranar gwanjon gidajen da masu su suka kasa biyan bashin banki. A harabar kotun gunduma ake yin gwanjon, tsakanin ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 4 na yamma. Mu ɗauka gidan wani magidanci yana cikin waɗanda za a sayar da ƙarfe 10. Da ƙarfe 9 da rabi sai lauyansa ya aika takardar karayar arziki zuwa kotun tarayya ta intanet. Daga wannan minti, banki ba shi da sauran ikon sayar da gidan. Alƙali bai zauna ba, bai ji ta bakin kowa ba, ƙila bai ma san takardar ta iso ba. Shigar da ita kawai ya wadatar. Ko da banki ya yi gwanjon cikin rashin sani, mafi yawan kotunan ƙasar suna ɗaukar cinikin a matsayin wanda bai ƙullu ba.

Wannan kariya ita ce dakatarwar nan-take, kuma tana cikin sashe na 362 na dokar karayar arziki ta Amurka. Abin da nake so ku riƙe tun daga farko shi ne, dakatarwar ba ta yafe wa kowa ko sisi. Lokaci take bayarwa, sannan ta juya al'amari: jiya wanda ake bi bashi ne yake roƙo a ɗaga masa ƙafa, yau mai bin bashi ne zai je gaban alƙali ya nemi izini kafin ya taɓa ko da kujerar zama.

Inda ta samo asali

Kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka rubuta a 1787, ya ba majalisar tarayya ikon yin dokar karayar arziki guda ɗaya ga dukkan jihohi. An gwada a 1800, da 1841, da 1867, kowace ta yi ƴan shekaru aka soke ta. Ta 1898 ce ta zauna da gindinta, ta yi shekara 80 ana aiki da ita. A ƙarƙashin tsofaffin dokokin kariyar a warwatse take, sau da yawa sai mutum ya roƙi alƙali ya hana wane, ya hana wane, kafin umarni ya fito kuwa an riga an kwashe kaya. Dokar da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu a Nuwamba 1978, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba 1979, ita ta tattara komai wuri guda. Ƴan majalisar da suka tsara ta sun bayyana manufarsu a fili: a ba wanda bashi ya rufe damar numfasawa, a daina tsangwamarsa, ya samu natsuwar da zai tsara biya ko ya miƙa abin da yake da shi a raba.

Ba ƙaramin adadi ne ke fakewa a wannan inuwa ba. A 2010, bayan rikicin bashin gidaje, an shigar da takardun karayar arziki sama da miliyan 1.5 a kotunan Amurka. A 2024 adadin ya ɗan haura rabin miliyan. Galibinsu ba kamfanoni ba ne, mutane ne irin mu: ma'aikata, direbobi, masu ƙananan shaguna, waɗanda rashin lafiya ko rasa aiki ko mutuwar aure ta kayar.

Dokar tana da ƙofofi da ake kira babi-babi. A Babi na 7, kotu kan naɗa amintacce ya sayar da dukiyar da doka ba ta keɓe wa mutum ba, ya raba wa masu bin bashi, sauran bashin a sauke masa, yawanci cikin wata huɗu zuwa shida. A Babi na 13, mai albashi ko wata hanyar samu ta kullum yana riƙe kayansa, ya riƙa biya bisa tsari na shekara uku zuwa biyar. Babi na 11 galibi na kamfanonin da ke son gyara tsarinsu ne su ci gaba da aiki. Babi na 12 na iyalan manoma da masunta ne, Babi na 9 kuma na hukumomin birane, kamar yadda birnin Ditroit ya yi a Yulin 2013 da bashin kusan dala biliyan 18. Ta ko wace ƙofa aka shiga cikin waɗannan, dakatarwar na biye.

Abin da take tsayarwa

Da zarar an shigar da takarda, duk abin da mutum ya mallaka a wannan rana yana komawa ƙarƙashin kulawar kotu a matsayin dukiya guda. Dakatarwar tana kare abu biyu ke nan: shi kansa mutumin, da kuma wannan dukiya.

Ƙarar da wani ya kai shi kan bashi a kowace kotu, ta jiha ko ta tarayya, tana tsayawa a inda take. Ba a shigar da sabuwa. Wanda ya riga ya ci shari'a, yana riƙe da hukunci a hannu, ba zai zartar da shi ba. Wannan yana da nauyi ƙwarai a Amurka, domin a can mai hukunci a hannu yana iya sa a riƙa yanke albashin mutum tun daga wurin aiki, kuma dokar tarayya ta yarda a yanke har kashi 25 cikin 100 na abin da ya rage bayan haraji. Ku ƙiyasta mai ƴaƴa uku da kuɗin haya a wuya, rubu'in albashinsa na tafiya kafin ya gan shi. Dakatarwa na dawo masa da cikakken albashinsa daga biyan da ke tafe.

Kamfanin da ya ba da bashin mota ba zai turo a ja motar ba. Banki ba zai ci gaba da shirin gwanjon gida ba. Ba wanda zai ɗora sabuwar jingina a kan kadarar mutum don ya sha gaban sauran. Bankin da mutum yake da ajiya a ciki, kuma yake binsa bashi, ba zai zari kuɗin ajiyar ya biya kansa ba. Sannan akwai wanda ya fi taɓa rayuwar yau da kullum: doka ta hana duk wani yunƙuri na karɓar bashin da aka ci kafin ranar shigar da takarda. Kiran waya, wasiƙar gargaɗi, saƙon tes, turo ɗan aike, kiran wurin aikin mutum ko surukansa don a kunyata shi, duk sun shiga ciki. Wanda ya taɓa kwana da fargabar ƙarar waya zai fahimci dalilin da ya sa da yawa cikin masu shigar da takarda suke ganin wannan shirun ne babban sauƙin farko.

Kamfanin wuta, da na ruwa, da na iskar gas, su ma wani sashe na dabam, na 366, ya hana su yanke layi saboda tsohon bashi. Amma akwai wa'adi. Cikin kwana 20 dole mutum ya ba su tabbacin biyan kuɗin gaba, yawanci ta hanyar ajiye wani adadi. In bai yi ba, suna da ikon yankewa.

Wata tambaya da takan taso ita ce ta wanda ya tsaya wa mutum. A ce ƙanwa ta ci bashi, yayanta ya sa hannu ya tsaya mata, sai ta shigar da takardar karayar arziki. In Babi na 7 ta bi, dakatarwar ita kaɗai ta rufe, kuma washegari banki yana iya juyawa kan yayan ya nemi kuɗinsa gaba ɗaya. In Babi na 13 ta bi, kuma bashin na buƙatun gida ne ba na kasuwanci ba, sashe na 1301 yana shimfiɗa kariyar har kan yayan muddin shari'ar tana tafiya. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya sa mai tsoron ɓata zumunci ya zaɓi hanya mai tsawo.

Me ya sa masu bin bashi ma suke amfana

Sau da yawa akan ɗauka dakatarwar gata ce ga wanda ake bi bashi kawai. Ba haka ba ne, kuma a nan ne hikimar dokar ta fi bayyana. Mu yi lissafi. Wani gidan burodi yana da masu binsa uku: mai fulawa, mai sukari, da mai gyaran injina, kowanne dala 100,000. Bashi ya zama dala 300,000. Duk abin da gidan burodin ya mallaka bai wuce dala 150,000 ba. In aka bar kowa ya bi ta kansa, wanda ya fi sauri, ko ya fi lauyoyi, ko ya fara jin ƙishin-ƙishin, zai kwashe dala 100,000 cif. Na biyu ya samu 50,000. Na uku ya tashi a tutar babu, alhali haƙƙinsa daidai yake da na farko. Da dakatarwa, kowa zai tsaya, a lissafa, kowanne ya karɓi dala 50,000.

Asarar wasoso ma ta wuce nan. Mai fulawa ya ɗauke tanda, mai sukari ya ja motar rarraba burodi, mai gyara ya kwance injin kwaɓi. Kowane ɗaya a kasuwar gwanjo kuɗinsa kaɗan ne. A haɗe kuwa, gidan burodi ne mai ma'aikata da masu saye na kullum, wanda in aka ba shi shekara biyu zai iya biyan fiye da rabin da ake magana. Shi ya sa kamfanin motoci na General Motors, da ya shigar da takardarsa ranar 1 ga Yuni 2009, bai watse ba. Shi ya sa kuma kamfanonin jiragen sama na Delta da Northwest, da suka shiga Babi na 11 rana ɗaya a Satumban 2005, jiragensu suka ci gaba da tashi da fasinja.

Doka ta kuma san cewa rige-rigen yakan fara tun kafin a kai ga kotu. Saboda haka sashe na 547 ya ba amintacce ikon dawo da wasu kuɗaɗen da aka biya wani mai bin bashi cikin kwana 90 kafin shigar da takarda, in biyan ya fifita shi a kan sauran. In ɗan'uwa ne ko wani na jiki aka biya, ana iya waiwayawa har shekara guda. Mutum yakan ga kamar mutunci ne ya fara sallamar kawunsa kafin ya tafi kotu. A tsarin Amurka, yin hakan yana iya jawo wa kawun ƙara.

Iyakoki biyu da Kotun Ƙoli ta shata

A 1995 Kotun Ƙolin Amurka ta duba shari'ar wani banki a jihar Merilan. Bankin bai zari kuɗin ajiyar wanda yake bi bashi ba, ya dai ƙulle asusun na ɗan lokaci yayin da yake neman izinin alƙali. Kotu ta ce wannan bai saɓa wa dakatarwa ba. Ga mai asusun kuwa, kuɗin da ba ya iya cira ranar biyan haya da kuɗin da aka ƙwace kusan ɗaya ne. Wannan ya sa lauyoyi a can suke ba mutum shawara ya mayar da albashinsa wani bankin da ba ya binsa komai kafin ya shigar da takarda.

Ta biyu ta fi zafi. Hukumar birnin Chikago takan kama motocin waɗanda tarar laifin hanya ta taru musu, ta kulle su a garejinta har sai an biya. Wasu daga cikinsu suka shiga Babi na 13, suka ce a sakar musu motocinsu, tunda doka ta hana kowa mallake dukiyar da ke hannun kotu. Ƙananan kotuna suka ba su gaskiya. A Janairun 2021 Kotun Ƙoli ta juya hukuncin: ci gaba da riƙe abin da aka kama tun kafin shigar da takarda, shi kaɗai, bai karya wannan hani na dakatarwa ba. Dakatarwa tana tsayar da komai a inda yake ne, ba ta mayar da hannun agogo baya. Mai son motarsa sai ya bi wata hanya, ta sashe na 542, wadda kan ɗauki lokaci.

Mai shari'a Sonia Sotomayor ta amince da hukuncin, amma ta rubuta nata bayanin dabam, inda ta ja hankali cewa mutumin da ba shi da mota ba zai iya zuwa aiki ba, wanda ba ya zuwa aiki kuma ba zai iya cika tsarin biyan da kotu ta ɗora masa ba. Ina ganin ta taɓo inda ciwon yake. A mafi yawan garuruwan Amurka mota ba ado ba ce, ita ce hanyar cin abinci, kuma masu tarar da ta fi ƙarfinsu galibi talakawa ne. Darasin aiki a nan a fili yake: kariyar ta fi ƙarfi ga wanda ya nemi kotu kafin a ɗauke kaya, ba bayan an ɗauke ba.

Abin da ba ta tsayarwa

Shari'ar aikata laifi ba ta tsayawa. Wanda ake tuhuma da sata ko zamba zai ci gaba da gurfana. Al'amuran iyali ma mafi yawansu suna tafiya: raba aure, riƙon ƴaƴa, tantance uba, kare mace daga duka, da yanke kuɗin ciyar da yara. Rabon kadarorin ma'aurata ne kawai yake jira, saboda ya shafi dukiyar da ke hannun kotu. Dokar ta ɗora ciyar da ƴaƴa sama da kusan kowane bashi, kuma hakan daidai ne, domin yaro bai ba kowa rance ba balle a ce ya jira rabo.

Hukumar haraji tana iya ci gaba da binciken littattafan mutum, ta ƙayyade abin da take binsa, ta aiko masa da takarda. Ƙwace kadara ne ba za ta yi ba. Hukumomin kare lafiyar jama'a da muhalli suna nan da ikonsu: masana'antar da ke zuba guba a kogi ba za ta fake da karayar arziki ta ci gaba da zubawa ba.

Ɗan haya yana da tarko na musamman. In mai gida ya riga ya samu hukuncin tashi daga kotu kafin a shigar da takarda, dakatarwar a ƙa'ida ba ta hana shi fitar da ɗan hayar. Akwai ƴar ƙaramar kafa: in dokar jihar ta yarda a gyara ta hanyar biya, ɗan haya yana iya ajiye kuɗin hayar wata guda a kotu tare da takardarsa, ya samu kwana 30 ya biya dukkan abin da ya taru. Ga wanda hayar wata biyar ta rufe, kwana 30 ba wani abu ba ne.

Haka kuma bashin da aka ci bayan ranar shigar da takarda ba ya cikin lissafi. Kuɗin hayar wata mai zuwa, da kason bashin gida na wata mai zuwa, suna nan a wuyan mutum.

Ƙofar mai bin bashi

Mai bin bashi ba a ɗaure shi har abada ba. Yana da damar rubuta wa kotu ya nemi a janye dakatarwar a kansa, kuma doka ta tilasta wa kotu ta yi hanzari: in kwana 30 suka wuce ba a saurari buƙatarsa ba, dakatarwar kan faɗi da kanta a kan kadarar da yake nema. Masu jingina ne suka fi bin wannan ƙofa, kuma hujjojinsu biyu ne.

Ta farko ita ce, jinginarsa tana lalacewa ba tare da an kare masa haƙƙi ba. Mota tana tsufa kullum, in kuma ba ta da inshora haɗari ɗaya ya isa ya mayar da ita ƙarfen bola. A nan alƙali zai tambayi wanda ake bi bashi: me za ka ba shi ya kwantar masa da hankali? Amsa takan zama sabunta inshora, ko biyan wani abu duk wata daidai da faɗuwar darajar motar, ko ƙara wata jinginar. Ta biyu ita ce, bashin ya kai ko ya zarce darajar kadarar, kuma ba a buƙatarta don farfaɗowa. Gidan da ya kai dala 200,000, ana binsa 230,000, mai shi kuma yana Babi na 7, babu abin da zai rage wa kowa in an sayar, saboda haka alƙali yakan bar banki ya ci gaba da gwanjonsa. A wata shari'a ta 1988 Kotun Ƙoli ta ƙara bayani cewa faɗin ana buƙatar kadara don farfaɗowa bai isa ba, sai in akwai alamar farfaɗowar za ta yiwu cikin lokaci mai ma'ana.

Magidancinmu na Tekzas ke nan ya tsira ranar Talata, amma gidan bai zama nasa kyauta ba. In Babi na 7 ya bi ba tare da kuɗin cike giɓi ba, watanni kaɗan ya saya. In Babi na 13 ya bi, yana da damar rarraba kuɗin da suka taru masa a kan shekara uku zuwa biyar, yana kuma biyan na kowane wata a kan kari. Wannan ita ce hanyar da take ceton gidaje da gaske. Tana da wuya, kuma da yawa daga masu fara ta ba sa kai ta ƙarshe. Wanda ya kasa, kotu kan kori shari'arsa, dakatarwa ta faɗi, masu bin bashi su dawo inda suka tsaya.

Hukuncin wanda ya keta

Mai bin bashin da ya san an shigar da takarda, amma ya ci gaba, doka ta wajabta masa biyan diyyar duk asarar da ya jawo wa mutum, har da kuɗin lauya. In abin ya yi muni, ana ƙara masa diyyar ladabtarwa. Ba sai an nuna ya yi niyyar karya doka ba. Ya sani, kuma ya aikata da gangan, shi ke nan. Uzurin cewa kwamfuta ce take tura wasiƙu da kanta ba ya karɓuwa a mafi yawan kotuna.

A Maris 2017 wani alƙalin kotun karayar arziki a Sakramento ta jihar Kalifoniya, Christopher Klein, ya yanke wa Bank of America diyyar ladabtarwa ta dala miliyan 45, da sama da miliyan 1 kaɗan na asara, saboda ya yi gwanjon gidan wasu ma'aurata bayan sun shiga Babi na 13, sannan ya ci gaba da matsa musu. Daga baya ɓangarorin sun sasanta, aka soke wannan adadi, amma alƙalin ya ƙi goge rubutaccen hukuncinsa. Irin wannan tarar ba ta yawaita. Yawanci abin kan ƙare ne a mayar da mota, ko albashin da aka yanke, da biyan kuɗin lauya.

Masu maimaitawa, da ƙarshen kariya

Kariyar da ake samu ba tare da tambaya ba dole wasu su yi wasa da ita. An samu masu shigar da takarda ana gobe gwanjo, su bari a kori shari'ar, in an sake sa rana su sake shigarwa. Gyaran dokar da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a Afrilun 2005 ya toshe wannan. Wanda aka kori shari'arsa ɗaya cikin shekarar da ta gabata, dakatarwarsa kwana 30 ce kawai, sai in ya gamsar da alƙali cewa da gaskiya ya dawo. Wanda aka kori nasa biyu ko fiye, ba ya samun dakatarwa kwata-kwata sai ya roƙa. Gyaran ya kama masu dabara, amma ya haɗa da mutanen da aka kori shari'arsu ta farko don kawai ba su da lauyan da zai cika musu takardu daidai.

Ga wanda ya kai ƙarshe lafiya, dakatarwa takan miƙa aiki ga umarni na dindindin, wanda ya hana a sake neman bashin da aka sauke har abada. Ba kowane bashi ake saukewa ba. Kuɗin ciyar da ƴaƴa, tarar laifi, harajin baya-bayan nan, abin da aka ci ta hanyar zamba, da mafi yawan bashin karatu, suna nan. Kuɗin shigar da takarda dala 338 ne a Babi na 7, dala 313 a Babi na 13, ban da na lauya. Labarin karayar yana iya zama a kundin tarihin bashin mutum har shekara 10, kuma wanda aka sauke wa bashi a Babi na 7 ba zai sake samun irin wannan ba sai bayan shekara 8.

Inda ya shafe mu

Asalin tunanin ba baƙo ba ne gare mu. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu suna da babin muflisi: alƙali ya hana shi taɓa dukiyarsa, a sayar, a raba wa masu binsa gwargwadon haƙƙin kowa, a bar masa tufafi da abin ciyar da iyali. Bambancin shi ne a fiƙihu sai alƙali ya yi hukunci tukuna, kuma ragowar bashin ba ya faɗuwa. A Nijeriya, dokar kamfanoni ta 2020 ta kawo tsarin da yake dakatar da masu bin kamfani bashi yayin da ake ƙoƙarin ceto shi. A Nijar, Chadi da Kamaru, dokar kasuwanci ta bai-ɗaya ta OHADA da aka sabunta a 2015 tana dakatar da ƙarar ɗaiɗaikun masu bin bashi in an buɗe shari'ar ceto ko rushe kasuwanci. Waɗannan na kamfanoni da ƴan kasuwa ne. Sashe na 362 ba zai kare wanda ya ci bashi a Kano ko Maraɗi ba.

Amma yana iya ɗaure ɗan kasuwar Kano ko Maraɗi. Wanda ya tura ƙaro ko citta ko riɗi ga wani kamfani a Amurka, kafin a biya shi kamfanin ya shiga Babi na 11, shi ma mai bin bashi ne kamar kowa. Wasiƙar barazana ba ta da amfani, tana ma iya jawo masa tara. Abin yi shi ne ya cike takardar shaidar bashi, ya aika wa kotun kafin wa'adin da ta sa ya cika, ya haɗa da rasitai da takardun jigila. Ya kuma duba ranar da kayansa suka isa hannun kamfanin, domin kayan da aka karɓa cikin kwana 20 kafin shigar da takarda, doka ta sa kuɗinsu a sahun gaba wajen biya.

Aikin aji

Ku zauna uku-uku ku tattauna waɗannan, kowace ƙungiya ta kawo dalilinta. Na farko: wata ma'aikaciyar jinya ta shiga Babi na 7 ranar Litinin, ranar Laraba kamfanin bashi ya ja motarta, yana cewa sanarwar kotu ba ta iso masa ba. Me ya wajaba a kansa da zarar ya sani? Amsarku za ta canza in da ranar Asabar da ta gabata ya ja motar? Na biyu: wani uba da ake binsa kuɗin ciyar da ƴaƴa na wata takwas, da bashin katin banki, ya shigar da takarda. Wanne cikin biyun dakatarwa ta fi kare shi daga gare shi, kuma wanne za a iya sauke masa a ƙarshe? Na uku: ku sake lissafin gidan burodi, amma a wannan karon mai gyaran injina yana riƙe da jinginar tanda wadda ta kai dala 60,000. Nawa mai fulawa da mai sukari za su samu kowannensu, kuma nawa mai gyara zai tashi da shi gaba ɗaya?